Ɗuren da Aka Yi wa Jason

Saura kaɗan ban rubuta wannan labari ba. Karatuna bai wuce firamare ba, kuma ko a coci aka ce in yi addu'a da ƙarfi muryata maƙalewa take yi. Amma katangar da ta raba gidanmu da gidan Baba Azariya a Kagoma ba ta kai kafaɗata ba, abin da na gani ta kanta kuwa ya ƙi kwanciya a cikina. Wanda ban gani ba, Yemima ce ta gaya mini da bakinta.

Yemima matar Martins ce, ɗan acaba, babban ɗa a gidan. Ɗansu Jason yana wata huɗu zazzaɓi da tari suka kama shi, a tsakiyar damina, lokacin da ciyawa ke neman cinye citta a gonaki. Ta goya shi zuwa kilinik ɗin gari. Nas ta duba shi, ta ba da maganin ruwa a kwalba, ta haɗa mata da sirinji marar allura. Ta zaunar da ita ta nuna mata yadda ake yi: a ɗaga kan yaro a hannu kamar za a ba shi nono, a sa bakin sirinji ta gefen kumatu, a matsa kaɗan, a jira ya haɗiye, sannan a ƙara. In ya fashe da kuka a dakata a lallashe shi. Ta ce abin yana cin lokaci, amma haka ake yi.

Ya ci lokacin kuwa. Jason yakan tura maganin da harshe, ya gangaro ta haɓa ya ɓata riga. Yemima ta share da gefen zane, ta yi masa waƙa, ta kaɗa masa murfin kwalba, in ya shagala ta sake ɗiga masa. Kafin awo ɗaya ya ƙare, hantsi ya yi. Amma yana shiga. Zuwa rana ta biyu jikinsa ya fara sanyi, har ya kama nono da ƙarfi.

Duk wannan Mama Afiniki, uwar Martins, tana kallo daga bakin madafi. Ita ce shugabar zumuntar mata a cocinsu, kuma a unguwa an san ta da hannu. Duk jaririn da ya ƙi kunu ko magani, wurinta ake kawo shi ta yi masa ɗure. Takan faɗa a gaban kowa cewa ba a haifi yaron da zai ƙi magani a cinyarta ba. Ga shi jikanta na fari, a cikin gidanta, ana tsiyaya masa magani da wani abin roba kamar ita ba ta da rai.

Da safiyar rana ta uku ta taso ta tsaya a kan Yemima. Ta ce mutane sun daɗe a gona, ita kuma tana nan tana wasan yara da cokali ɗaya na magani. Yemima ta ce saura kaɗan, Mama. Mama Afiniki ta miƙa hannu.

"Kawo mini mijina. Ke ba ki san yaro ba tukuna."

Yemima ta fara bayanin abin da nas ta ce, amma an riga an zare shi daga hannunta. Tsohuwar ta zauna a kujerar tsugunno, ta shimfiɗe Jason a cinya, ta danne ƙafafunsa da hammata, kansa ya rinjaya ƙasa. Ta tuttula magani a tafin hannu ba tare da awo ba, ta kafa tafin a bakinsa, ta toshe masa hanci da yatsu. Yaro ya buɗe baki neman iska, magani ya bi. Ya yi wani irin kuka a cikin ruwa, kamar ana cika tulu. Hannuwansa suka miƙe, suka yi ta kama iska. Da ta saki hancin bai yi kuka ba. Ya shiɗe, idanunsa a waje, fuskarsa ta yi duhu. Ta ɗaga shi sama, ta jijjiga, ta hura masa iska a fuska, sai tari ya ƙwace masa, magani yana fita ta baki ta hanci.

Mama Afiniki ta yi dariya, ta ce ka ga ɗan banza, ya zubar. Ta sake tuttulawa a tafi.

Yemima ta durƙusa a ƙasa tana roƙo. Tsohuwar ba ta ko dube ta ba sai da ta gama. Ta miƙa mata shi jiƙe sharkaf, ta ce ga shi nan, aikin da ya sha mata kai tun asuba an gama shi kafin a tafasa ruwa.

Da Martins ya dawo cin abincin rana Yemima ta ja shi ɗaki ta gaya masa. Ya saurara yana danna waya.

"Mama ya san abin da yana yi," in ji shi. "Mu duka haka an yi mana. Ba ga ni nan ba?"

Ta ce masa yaron ya ƙware, ta ga ransa yana fita. Ya ce duk yaro yana ƙwarewa. Ta ce to ya yi wa Mama magana, ko sau ɗaya. Ya ce shi ba zai koya wa uwarsa renon yara ba saboda wata nas da ko ɗa ba a san tana da shi ba. Da yamma Yemima ta nemi sirinjin ta rasa. Sai ta hango shi a hannun Martins a ƙofar gida, yana ɗiga baƙin mai a sarƙar mashin da shi. Ya ce Mama ce ta ba shi, tunda ba amfanin da yake yi, kuma wallahi ya fi tsinke daɗin aiki.

Daga ranar aka tsara yadda gidan zai tafi. Yemima ta ba da nono da sassafe, ta bi mutane gonar citta, Jason da kwalbarsa su zauna wurin Mama. Da ta ce za ta goya shi zuwa gona, Baba Azariya ya kira ta. Dattijon ikilisiya ne, mai sanyin murya, ba ya faɗa. Ya ce yaro mai tari ba a kai shi cikin raɓa. Ya ce Allah ya sa ta a gidan da akwai uwa, wasu nema suke yi. Ya buɗe mata Littafi ya karanta mata wurin da aka yi maganar biyayya, ya tambaye ta ko ta gane. Ta ce ta gane, Baba.

A gona takan tsuguna tana cire ciyawa da hannu, nono yana zuba yana jiƙa mata riga. Ta san lokacin da ake ba da magani. In lokacin ya yi sai ta ji numfashinta ita ma yana yankewa, ta dafa ƙasa. Matan da ke kusa su ce Maman Jason ko dai wani cikin ne, su yi dariya.

Kullum ta dawo sai ta tarar da shi ya fi jiya lalacewa. Zazzaɓin da ya fara sauka ya dawo da ƙarfi. Tarin ya koma ciki, ya yi nauyi. In ta kara kunne a ƙirjinsa sai ta ji ƙara kamar ana taka busasshen ganye. Mama Afiniki ta ce maganin kilinik ne ba shi da ƙarfi, sai ta dafa nata saiwoyi ta haɗa. Ɗure ya ninku: na kwalba, na tukunya, har da ruwan kunu don kada ciki ya zauna haka. Yaron ya kai in ya ji muryar kakarsa sai jikinsa ya sandare. Ita kuwa sai ta ce ka ga mijina ya san ni.

Yemima ta gwada ɓoye kwalbar a cikin buhun masara. Tsohuwar ta zazzage ɗakin har ta samo, ta tara gidan, ta ce yau ta ga uwar da take ɓoye wa ɗanta magani, a yi mata shaida in wani abu ya faru. Martins ya ce wa matarsa ta ba Mama haƙuri. Ta ba ta.

Ran kasuwa Jason ya daina kama nono. Yakan sa baki, ya saki, ya yi ta haki. Haƙarƙarinsa yana shiga ciki da kowane numfashi, leɓɓansa sun yi toka-toka. Kukan ma ya ƙare, sai ɗan nishi. Yemima ta fito da shi tsakar gida ta ce wa Martins ya kai su babban asibiti a Kafanchan. Ya dubi yaron, ya dubi ƙofar uwarsa. Mama Afiniki ta leƙo ta ce sanyi ne ya kama shi, ta riga ta ɗora ruwan zafi, za ta gasa masa ƙirji ta ba shi na tukunya, kafin rana ta yi tsaka zai warware. Baba Azariya ya ce a fara da addu'a, gaggawa ba ta Ubangiji ba ce. Martins ya ce yau ranar fasinja ce, in ya dawo da yamma abin bai sauka ba za su je. Ya tayar da mashin ya fita.

Yemima ta tsaya tana kallon tukunyar da ke kan wuta. Tsohuwar ta shiga ɗaki ɗauko ƙoƙo. Yemima ta goya ɗanta, ta fita ta ƙofar baya ta wurin garken aladu, ko takalmi ba ta tsaya nema ba. Ta ratsa gonar masara har bakin titi. Wata motar kaya da ke ɗauke da doya ce ta tsaya mata.

A asibiti ba su bi layi ba. Wata nas mai suna Ijeamaka, haifaffiyar unguwar ma'aikatan jirgin ƙasa, ta kalli goyon sau ɗaya ta kwance shi da kanta ta yi ciki da gudu. Aka sa masa robar iska a hanci, aka nemi jijiya a hannu aka rasa, aka samu a kai. Da likita ya gama saurarar ƙirjin, ya juyo ya tambaya ko ana yi wa yaron nan ɗure. Yemima ta gyaɗa kai. Ya ce abin da ake ɗura masa ba duka yake zuwa ciki ba, wani cikin huhu yake sauka, shi ne ya kwanta a can ya zama ciwo. Ya ce ba zai yi mata alkawari ba.

Ijeamaka ta zauna kusa da ita a bakin gado, ta ce, "Ƙanwata, waye yana yi masa?"

"Kakansa."

Nas ɗin ta yi tsaki a hankali, ta ce ba wannan ne na farko da aka kawo musu ba, kuma da yawa a hanya suke ƙarewa.

Wannan maganar ce ta zauna wa Yemima. Tana kallon ƙirjin ɗanta yana ɗagawa yana sauka, tana tuna jariran da ta gani ana kawowa tsakar gidansu. Ta tuna ɗiyar Milka, matar mai kiɗan coci, da aka kawo bara tana ƙin kunu. Mako bai zagayo ba aka binne ta, aka ce sanyi ne. Mama Afiniki ce ma ta ja waƙa a zaman makokin.

Mutanen gida sun iso da yamma. Martins ya fara da cewa ta ba shi kunya, an ga matarsa ba takalmi a motar doya. Da ya ga robar da ke hancin yaron ya bar maganar. Yemima ta maimaita musu abin da likita ya ce, kalma da kalma. Mama Afiniki ta ce likitocin yanzu in sun rasa abin faɗa sai su ɗora wa tsofaffi. Baba Azariya ya ce wannan magana ta tsaya a ɗakin nan, gida ba ya tsayawa in ana nuna wa juna yatsa. Kafin su tafi sun riga sun shirya abin da za a gaya wa mutane: maganin kilinik ne bai karɓi yaron ba.

Yemima ta gyara wa ɗanta mayafi. Ta ce musu su sauka lafiya.

Jason ya yi kwanaki tsakanin nan da can. Sannan wata safiya ya buɗe ido, ya juya kai yana neman nono. Da aka sallame su ya rame har zoben wuyansa ya ɓace, kuma duk hannun da ya doshi fuskarsa, ko na uwarsa ne, sai ya ƙanƙame ido ya kama rawar jiki.

Ta koma gidan. Ba ta sauke shi daga bayanta ba, ko wanka za ta yi yana kan tabarma a gabanta. Amma ta yi laushi kamar ba ita ba. Da Mama Afiniki ta ce za a yi godiya a coci, a fitar da anko, a dafa shinkafa, Yemima ce ta fara cewa ya kamata. Ita ta tsince shinkafar. Ita ta goge wa tsohuwar zane da kallabi, ta ninke ta ajiye mata a kan gado. Martins ya ce wa abokansa asibiti ya koya wa matarsa hankali.

Ran Lahadi coci ya cika, har da baƙi daga Madakiya. Iyalin Baba Azariya suka taso daga baya da rawa, da doya, da zakara, matan zumunta suna biye suna guɗa. A gaba fasto ya miƙa wa Mama Afiniki makirufo. Ta ba da shaida mai tsawo. Ta ce Shaiɗan ya shigo gidanta ta cikin kwalbar magani, ta ce ta yi azumi, ta ce ba don Allah ya ba ta sanin yara ba da yanzu wani zance ake yi. Aka yi tafi.

Fasto ya juya yana murmushi, ya ce uwar yaro fa, ko kalma ɗaya, ko da yake an san ta da kunya. Jama'a suka yi dariya. Yemima ta karɓi makirufon. Muryarta ta fita sarai.

"Na gode wa Yesu da ya bar mini Jason. Amma ba kwalba ne ya kusa kashe shi ba. Mama ne. Tana toshe masa hanci tana ɗura masa, safe da rana da yamma, har ruwa ya cika masa huhu. Likita ne ya faɗa, na kuma gaya musu su duka."

Mai kiɗa ya ɗauke hannu daga ganga. Baba Azariya ya matso yana cewa ya isa, ɗiyata. Ta ja baya da taki ɗaya.

"Na gaya wa mijina, ya ce shi ma haka an yi masa. Na gaya wa Baba, ya karanta mini biyayya. Ran da yaron yana mutuwa, Martins ya tafi ɗaukar fasinja. Wanda yana so ya san abin da Jason ya ji, ya cika bakinsa da ruwa, ya kama hancinsa, ya gwada kiran uwarsa. Ku da kuna kawo mata yara, ku tuna waɗanda kun kawo, ku duba ko duka suna nan."

Ba ta ambaci sunan kowa ba. Amma a layin matan zumunta Milka ta miƙe tsaye. Ta daɗe tana kallon Mama Afiniki, sannan ta kwance kallabin zumunta daga kanta, ta ajiye a kan benci, ta fita. Mijinta ya bar gangar ya bi ta. Wata ma ta tashi daga baya, ba wanda ya san dalilinta sai ita.

Mama Afiniki ta juyo wajen jama'a. Ta ce ita taimako take yi, ba ta taɓa karɓar ko sisin kowa ba. Babu makirufo a hannunta, na gaba-gaba ne kawai suka ji. Zakaran godiya ya kuɓuce daga hannun Martins ya shige ƙarƙashin benci, ba wanda ya bi shi. Fasto ya ɗaga waƙa, mutane kaɗan suka amsa.

Shinkafar da aka dafa wa jama'a tana nan a manyan tukwane har la'asar. Kujerun da aka jera a tsakar gida ba wanda ya zauna. Mama Afiniki ta shige ɗaki ta tura ƙofa. Baba Azariya ya aiko cewa sai Yemima ta durƙusa a gaban dattawa ta janye maganarta, in ba haka ba ba ta da wurin zama a gidansa. Ta ce a gaya wa Baba ta ji. Ta ɗauki faranti ta zuba shinkafa, ta zaɓi cinyar kaza, ta zauna a tsakiyar kujerun ta ci ta ƙoshi, Jason yana barci a bayanta.

Washegari da safe ta kira ni ta kan katanga. Na zagaya na ɗaukar mata jaka, muka fito ta ƙofar gaba. Martins ya biyo mu yana tura mashin, yana cewa ta hau mana ya kai ta, ko ina ne, mutane suna kallo. Ba ta juya ba har mahaɗar da 'yan acaba ke tsayawa. A gaban abokan aikinsa ta kira wani daban, ta ce ya kai ta tasha, Manchok za ta, gidan ubanta. Na ɗora jakar a kan tanki, na gyara mata goyon.

Martins ya riƙe ƙarfen baya.

"To yaushe za ki dawo mini da yarona?"

Yemima ta ja zane ta rufe kan Jason.

"Sai ya yi haƙoran da zai ciji hannun da ya kama masa hanci."

Ta taɓa kafaɗar mai mashin. Na tsaya a wurin har suka sha kwana.